Me Ya Sa Sitabilaiza Ba Ta Hana Tsawa Ƙone Kayan Sauti?

Da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, teburan masu gyaran rediyo kan fara cika da amfilifaya da dikoda da manyan lasifikan falo. Kusan duk wanda ya kawo nasa magana ɗaya yake yi: "Wallahi a jikin sitabilaiza yake, kuma a kashe na bar shi." To in haka ne, ta ina wutar ta bi ta shiga? Kuma kuɗin da aka zuba a sitabilaiza asara aka yi ke nan?

Ni ma na taɓa yin wannan rantsuwar. Wata damina aka yi ruwan dare da tsawa mai firgitarwa, da safe na kunna amfilifayata, fitilar gabanta ta kama, amma ko tari ba ta yi ba. Mai gyara ya kwance murfin, ya duba fis ya ga lafiyarsa ƙalau, ya auna ɓangaren da wuta ke shiga ya ga babu abin da ya same shi. Sai ya juya allon, ya nuna min da bakin sukundireba wani ɗan baƙin tabo da bai kai ƙwayar gero biyu ba, dab da ramin da wayar HDMI, wadda ke haɗa ta da talabijin, ke shiga. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ta soket ta zo ba. Ta dish ta biyo." Sitabilaizar tana nan har yau tana aiki, ba ta ma san an yi ba.

Abu uku ne muke kira da suna ɗaya

Idan muka ce "wuta ta ƙone min kaya", matsaloli uku muke haɗawa a baki ɗaya, kuma maganin kowacce daban.

Ta farko ita ce hawa da saukar wuta na yau da kullum. A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, amma wanda ke ƙarshen layi a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinta ya san da magariba ƙwan fitila kan koma kamar garwashi, fanka ta riƙa juyi da ƙyar. Wannan matsala a hankali take tafiya, tana iya ɗaukar sa'o'i.

Ta biyu ita ce wutar da ta haura ta zauna a sama, ta yi daƙiƙoƙi ko mintoci tana kusan bolt 400. Ita ce mutane ke cewa "NEPA ta kawo babbar wuta", duk da cewa NEPA ta zama PHCN tun 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013. Sunan dai ya ƙi barin bakinmu.

Ta uku ita ce tsirin wuta: bolt dubbai da ke zuwa su wuce cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Tsawa ce babbar mai kawo shi, amma ba ita kaɗai ba. Dawowar wuta bayan an ɗauke, mai walda a maƙwabta, injin niƙa, famfon rijiyar burtsatse idan ya tsaya, duk suna jefa ƙananan tsiri a layi. Waɗannan ba sa kashe kaya nan take, cin su suke a hankali kamar gara.

Tsawa ba sai ta faɗo a kan rufinka ba

Hausa ta raba abin kashi-kashi: walƙiya ita ce hasken, tsawa ƙarar, aradu ko kwarankwatsa kuwa ita ce wadda ta faɗo. Har akwai gatarin aradu, ɗan gogaggen dutsen nan da manoma kan tsinta a gona a ce shi ta jefo, alhali gatarin mutanen zamanin dutse ne. Abin da ke faɗowa a zahiri lantarki ne tsagwaronsa. Faɗuwa ɗaya matsakaiciya tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000, fis ɗin da ke cikin fulogin gidanka kuwa amfiya 13 ne iyakarsa. Iskar da ta ratsa takan yi zafin da ya ninka na fuskar rana kusan sau biyar, faɗaɗar iskar nan farat ɗaya ce muke ji a matsayin tsawa.

Idan ta faɗo kai tsaye a kan gida, maganar amfilifaya ma ba ta taso ba, ta rai ake yi. Amma wannan ba kasafai yake faruwa ba. Mafi yawan ɓarnar daga wadda ta faɗi can gefe take zuwa: a kan bishiya, ko falwaya, ko dogon ƙarfen kamfanin waya. Wuta mai yawa haka idan ta gudana farat ɗaya, takan haifar da wata wutar a cikin duk wata doguwar waya da ke kusa ba tare da ta taɓa ta ba, kamar dai yadda taransifoma ke miƙa wuta daga naɗi zuwa naɗi babu haɗi. Wayoyinmu kuwa a sarari suke, daga falwaya zuwa falwaya, tsawon kilomitoci. Shi ya sa za a yi tsawa a bayan unguwa, dikoda ta mutu a tsakiyarta.

Kuma ko an ɗauke wuta wayar tana nan a haɗe. Mutane da yawa kan saki jiki saboda kamfani ya saba ɗauke wuta da zarar iska ta taso. Tsawa ba ruwanta da ko akwai wuta a layi, hanya kawai take nema.

Ƙofar baya

Kayan sauti sun fi firji ko dutsen guga shiga haɗari saboda dalili ɗaya: wayoyinsu sun yi yawa. Firji wayarsa ɗaya. Amfilifayar falo kuwa tana haɗe da soket, tana haɗe da talabijin, talabijin na haɗe da dikoda, dikoda na haɗe da dish ko eriyar da aka ɗaure a kan dogon bututun ƙarfe sama da rufi. DStv ne, ko GOtv, ko StarTimes, ko dish ɗin tashoshin kyauta, duk ɗaya ne: waya ce ta tagulla da ta fito daga wuri mafi tsawo a gidan ta shigo har falo.

Tsiri yana buƙatar mashiga da mafita. Idan ya shigo ta wayar dish, zai ratsa dikoda, ya bi HDMI ya shiga amfilifaya, ya fita ta wayar wuta. Ƙananan sassan da ke karɓar saƙon HDMI da bolt 5 ko ƙasa da haka suke aiki, don haka ba sai an kai dubbai ba kafin su tafi. Abin da ya sami tawa ke nan.

Masallatai sun fi kowa sanin wannan, ko da ba a kira shi da sunansa ba. Lasifika tana can ƙololuwar hasumiya ko kan dogon ƙarfe, waya ta sauko mita ashirin ko talatin ta shiga bayan amfilifaya kai tsaye. A yi ruwan dare, ladan ya zo kiran assalatu ya tarar na'ura ta yi shiru, a tashi neman taimako bayan sallar Juma'a. Wasu kwamitocin sun sayi amfilifaya ta biyu da ta uku, kowacce da sabuwar sitabilaiza, wayar lasifikar kuwa ba wanda ya taɓa tunanin a yi mata mahaɗin da za a riƙa zarewa bayan isha'i.

Akwai kuma bambancin kayan da da na yanzu. Tsohuwar rediyo mai kaset tana da taransifomar ƙarfe mai nauyi a cikinta, tana shanye wasu ƙananan tsiri. Yawancin na yanzu ba su da nauyi, an maye gurbin ƙarfen da ƙananan sassa masu saurin aiki. Duba bayan na'urarka: idan an rubuta 100 zuwa 240, to ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Tsiri ne da babbar wuta ba ta iya jurewa. Wato sau da yawa muna saya mata maganin ciwon da ba shi ne nata ba.

Inda aikin sitabilaiza ya tsaya

Sitabilaiza an yi ta ne don matsala ta farko. A cikinta akwai taransifoma mai matakai, idan wuta ta yi ƙasa sai ta koma matakin da zai ɗaga ta, idan ta yi sama ta sauke. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji, sauyin matakin ne. Mai sauri a cikinsu tana buƙatar wani yanki na daƙiƙa kafin ta motsa, mai injin juyawa a ciki ta fi haka jinkiri. Tsirin tsawa kuwa ya zo ya wuce tun ba ta farga ba. Kamar a sa tsoho mai sanda ya tare kibiya ne.

Wannan ba ya nufin ba ta da amfani. Tsohuwar amfilifaya mai taransifoma, a unguwar da wuta ke sauka ƙwarai, tana buƙatarta, kuma jinkirin da wasu ke yi kafin su saki wuta bayan an dawo da ita yana da kyau. Sai dai a sani ba ita ce mai gadin tsawa ba. Haka ƙaramar UPS ta kwamfuta: batirinta na hana na'ura mutuwa idan an ɗauke wuta, amma kariyar tsirin da ke cikinta kaɗan ce.

Ranar da wayar nutural ta tsinke

A ganina wannan ta fi tsawa yi wa gidajenmu ɓarna, kuma ita ce aka fi jahilta.

Daga taransifoma wayoyi huɗu ke fitowa: uku masu wuta, ɗaya nutural. Tsakanin kowace mai wuta da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin masu wuta biyu kimanin 400 ne. Nutural ce ke riƙe ma'auni. Idan ta tsinke, ko mahaɗinta ya yi tsatsa ya saki, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a jikin taransifoma da dare, ko iska ta haɗa ta da mai wuta, sai ma'aunin ya karkace. Gidajen da ke layin da aka fi ɗora wa kaya su ga wuta ta yi ƙasa, na ɗaya layin su ga ƙwai ya yi wani irin haske fari fat, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke. Daga nan sai ƙauri.

A cikin na'urar zamani akwai wata kafasita mai kamar ƙaramin gwangwani wadda ke tara wuta. A bolt 230 tana ɗaukar kimanin 325, an kuma gina ta ta jure 400 ko 450. Idan layi ya kai 400, abin da zai sauka a kanta ya haura 550. Sai ta kumbura ta fashe. Ƙarar "fas" da hayaƙin da mutane ke ba da labari, yawanci ita ce.

A nan ekstenshan mai kariyar tsiri ba zai cece ka ba, shi kansa yana iya kamawa da wuta, domin an yi shi ne don bugu na ƙiftawar ido. Abin da ke aiki shi ne na'urar da ke auna wuta ta yanke ta gaba ɗaya idan ta wuce iyaka, ta kuma jira ta daidaita kafin ta mayar. Akwai ƙanana da ake soka wa a soket, irin waɗanda ake sayarwa don firji da talabijin, akwai kuma wadda ake ɗaurawa a akwatin fis ta tsare gida duka, mai nuna lamba, a saita ta ta yanke a wajen bolt 250 ko 260. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in saya wa gida a garuruwanmu, ita zan ɗauka kafin sitabilaiza.

Janareta ma yana da nasa. Lokacin tayarwa da lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa, wutarsa hawa da sauka take yi ba kai ba gindi. A bar shi ya daidaita kafin a juya canjoba, a kuma sauke kaya kafin a kashe shi. Masu kiɗan biki suna da ƙa'idar da ta dace da falo ma: amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa.

Ɗan faifai da wayar ƙasa

Abin da ke tare tsiri na gaskiya ɗan ƙaramin faifai ne mai kamar kwabo, galibi shuɗi, ana ce masa MOV. A wutar yau da kullum yana zaune shiru kamar ba ya nan. Da zarar wuta ta haura wani mataki, sai ya buɗe cikin gaggawar da ta dace da ta tsirin, ya karkatar da rarar ta bar na'ura. Shi ne a cikin ekstenshan mai kariya, shi ne kuma, babba, a cikin na'urar kariyar tsiri da ake rubuta wa SPD a ɗaura a akwatin fis.

Abu biyu ne masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Na ɗaya, faifan yana tsufa. Kowane bugu yana cin wani abu daga jikinsa, har ranar da zai ƙare, ekstenshan kuma ya ci gaba da ba da wuta kamar lafiya lau. Shi ya sa na kirki ke da fitilar da ke nuna kariyar na nan, na akwatin fis kuma yake da 'yar taga da ke sauyawa daga kore zuwa ja. Na biyu, ba duk abin da aka rubuta wa kariya a kwali ne yake da ita ba. Na taɓa kwance wani mai araha, na tarar babu komai sai siraran ƙarafa biyu da maɓalli mai jar fitila, ramin wayar ƙasa ma ba a haɗa shi da komai ba.

A nan ne maganar ta dawo kan wayar ƙasa. Fulogi mai ƙafa uku, doguwar ƙafar ta sama ita ce ta ƙasa, kuma ya kamata ta bi waya kore da rawaya har zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. A gidaje da yawa, musamman na haya, mai wayarin ya ja waya biyu ne kawai don rage kuɗi. Wasu kuma an kafa sandar tun ginin gidan, an zuba gawayi da gishiri kamar yadda aka saba, gishirin ya cinye mahaɗin shekaru da suka wuce ba wanda ya sani. Ga shi ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙayau da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai, kuma tsawar farkon damina a kanta take sauka. Idan babu hanyar ƙasa mai kyau, mafi yawan aikin na'urar kariya ya tafi. Idan ƙarfen jikin amfilifaya ko bakin wayar dish yana ɗan jan ka in ka taɓa, a kira mai wayarin ya auna.

Tsarin da ƙwararru ke bi hawa-hawa ne: babbar SPD a akwatin fis, da gajeruwar waya, kada ta wuce rabin mita, ta karɓi mafi yawan bugun, ƙarama a bayan kayan sautin ta share saura, wayar dish kuma a haɗa bawonta da wayar ƙasa a daidai inda ta shigo gida. Kuma duk su koma ga ƙasa ɗaya. Idan aka kafa wa dish sandarsa daban ba a haɗa ta da ta gida ba, lokacin tsawa sandunan biyu za su sami bambancin wuta, kayan falonka su zama gadar da ke tsakaninsu. Mai sola shi ma ya tuna faifan solar da ke kan rufi wata ƙofar ce, tana da irin tata SPD da ake sa wa kafin inbata.

Sandar kama tsawa da ake gani a kan benaye, wadda asalinta ke komawa ga Benjamin Franklin a Amurka wajen 1752, ginin take tsarewa daga tsagewa da gobara. Ba ta hana tsiri shiga wayoyi.

Masu cewa kariya na rage daɗin sauti

A cikin masu son sauti akwai waɗanda ba sa yarda su haɗa babbar amfilifaya da komai sai soket ɗin bango. Hujjarsu ita ce na'urorin tace wuta na shaƙe ta, ganga ta rasa nauyinta. Akwai ƙamshin gaskiya idan ekstenshan ɗin siririn waya gare shi, ko sitabilaizar ta yi wa amfilifayar ƙanƙanta. Amma SPD ta akwatin fis a gefen layi take zaune, wutar da amfilifaya ke ja ba ta cikinta take bi ba, don haka babu abin da za ta rage. Muhawarar ta fi dacewa da ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba.

Wa zai biya?

Idan tsawa ce, babu wanda za a kama. Takardar garantin kaya ma galibi tana cire ɓarnar wuta da ta tsawa. Idan babbar wuta ce daga layi, magana ta bambanta: mazauna unguwa na cewa sakacin kamfani ne, kamfani na nuna masu satar waya, da masu jan wuta ta bayan mita, da wayarin ɗin gida marar inganci. A Najeriya hanyar da NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ta shimfiɗa ita ce a fara kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin rarraba wutar yankin, KEDCO na Kano ne ko na Kaduna ko Jos ko Yola, in ba a gamsu ba a wuce zauren sauraron ƙorafi na hukumar. Ƙorafin gida ɗaya da wuya ya yi nisa. Na gidaje ashirin da suka ƙone a sa'a ɗaya, da hotuna da kwanan wata da takardar mai gyara, ya fi wuyar turewa.

Kashewa daban, zarewa daban

Saura rantsuwar nan ta "a kashe na bar shi". Kashewa da rimot ba kashewa ba ce, ɓangaren wutar yana nan a farke yana jiran umarni, shi ya sa jar fitilar ke ci. Maɓallin soket ya fi, amma tazarar da ke cikinsa 'yan milimitoci ce, kuma iska takan ba da hanya a kimanin bolt 3,000 kan kowace milimita. Abin da ya keto kilomitoci daga gajimare ba wannan ne zai tsayar da shi ba. Ƙari a kan haka, yawancin maɓallan waya ɗaya suke yankewa, su bar sauran a haɗe.

Zare fulogi ne kaɗai ke raba na'ura da layi, shi ma sai an haɗa da kwance wayar dish da ta eriya, a janye su nesa da kayan. Dabarar da ta sauƙaƙa min ita ce na tara talabijin da dikoda da amfilifaya a ekstenshan ɗaya, na kuma sa wa wayar dish mahaɗin turawa maimakon mai murɗawa, sai ya zama abu biyu kawai ake zarewa, ko yara sun iya.

Lokacin yin hakan shi ne sa'ad da gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar leda, tun ba a fara tsawa a kusa ba. Sauti na cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in ka ga walƙiya ka ƙirga tara kafin ƙarar ta iso, tana da nisan kilomita uku. In ta matso haka, a bar wayoyin kawai, kada a taɓa, a jira kamar rabin sa'a bayan tsawa ta ƙarshe. Wanda zai yi tafiya da damina ya zare komai kafin ya kulle ƙofa. Idan kuma an wayi gari fis ya tsinke, kada a naɗa masa siririyar waya ko takardar sigari a sake gwadawa. A kai wa mai gyara ya fara duba abin da ya tsinka shi.